Allurar da ta Kwanta a Hanyar Zariya

An ce wai a wata tashar mota ta ƙasar Ɗanja an yi wani dattijo, Baba Jatau, shugaban direbobi, wanda duk rigimar tashar gabansa take ƙarewa. Ba ya gaggawar magana, kuma mai kuɗi bai taɓa burge shi ba.

A lokacin akwai wani direba, Labaran, yana jan a-kori-kura mai shan gas ta Alhaji Ƙasimu dillalin tumatir. Wata rana ya ɗauko kwandunan tumatir zai kai Zariya. Rana tsaka, a dokar daji, sai allurar agogon baƙin mai ta faɗi ta kwanta. Ya gangara gefe ya kashe inji. Ya zaro geji, ƙarfen auna baƙin mai, ya ga mai a cike. Duk da haka ya ƙi tayar da mota, ya aika a kira bakanike. Kafin Sambo bakanike ya iso, rana ta dafa tumatir, ruwa na ɗiga ta ƙarƙashin bodi.

Sambo ya ɗaura agogon gwaji a jikin inji, aka tayar, allura ta miƙe tsaf. Ashe inji lafiya lau yake. Ɓera ne ya ci wayar da ke kai labari ga agogo. Sambo ya haɗa ta.

Alhaji Ƙasimu ya ƙwace makulli, ya kai ƙara, yana so a kori Labaran daga tashar gaba ɗaya. Ya ce, "Baba, wane direba ne a ƙasar nan yake kallon agogo? Rabin motocin tashar nan an liƙe wa agogonsu salatif a fuska, suna tafiya. Ya ga mai a geji da idonsa. Tsoro ne kawai da ragwanci."

Labaran ya miƙe, ransa a ɓace. Ya ce, "Baba, mai a tanki daban, mai a jikin inji daban. In famfon mai ya mutu, geji zai nuna cike har inji ya buga. Ban roƙi kowa afuwa ba, ba kuma zan roƙa ba. Gobe allurar ta sake kwanciya, wallahi sai na sake tsayawa."

Aka yi ta cewa ya sassauta harshe, ya ƙi. Direbobi suka rabu biyu, domin tumatir dai ya ruɓe, kuma inji bai da ciwon komai.

Baba Jatau ya ce a kai motar garejin Sambo a rufe ƙofa, kowa ya dawo gobe da hantsi.

Da aka taru, aka turo motar tsakiyar tasha. Dattijon ya dubi Alhaji ya ce, "Na ba Sambo zaɓi biyu, ban tambaye shi wanne ya ɗauka ba. Ko ya cire wayar agogo, ko ya toshe bakin famfon mai. Ko wanne ne, allura za ta kwanta. Zaro geji ka gani."

Alhaji ya zaro, mai a cike.

"Madalla. To, shiga ka ja ta zuwa kasuwa ka dawo. In ka yi, yau Labaran zai bar tashar nan."

Alhaji ya shiga da ƙarfinsa, ya murɗa makulli, inji ya tashi. Ya dubi agogo, allura ko motsi. Kafin a ƙirga biyar ya kashe. Ya leƙo ta taga ya ce, "Sambo, don Allah wanne ka yi?"

Baba Jatau ya ce, "A dajin nan wa Labaran zai tambaya? Kai da motarka, a tsakiyar gari, ga bakanike tsaye a gabanka, ba ka iya barin inji ya yi numfashi biyar ba. Shi ya tsare maka injin da ba nasa ba, ya san kuma abin da zai tarar a wurinka. Tashar nan tasa ce kamar yadda take ta kowa. Mayar masa da makulli a gaban mutane."

Sambo ya sosa ƙeya ya ce, "Waya ce dai na cire, Alhaji." Tasha ta kaure da dariya.

Kunya ta rufe Alhaji. Ya fito ya miƙa makulli da hannu biyu. Labaran ya dube shi, bai ko zare hannunsa daga aljihu ba. Ya ce, "Sunana na zo karɓa, Alhaji, na kuma karɓa. Motarka ka nemo mata mai liƙa salatif."

Tun daga nan, in aka zo zargin direba a tashar, dattijon kan ce: kada ka hukunta mutum da abin da ka sani bayan an buɗe inji, hukunta shi da abin da ya gani lokacin da sitiyari ke hannunsa.