Hannun da Hansatu Za Ta Kama

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan, yau shari'a na kawo muku. Ba ni zan yanke ta ba, ku za ku yanke, kuma wanda ya yi gyangyaɗi a tsakiya kada ya buɗe mana baki a ƙarshe.

A wata jami'a ta nan arewa akwai sashen ilimin taurari, inda ake koyar da rana da wata da taurari da lissafin da ke tafiyar da su. Cikin ɗaliban akwai wata Hansatu, 'yar wani manomin albasa. Tun tana ƙarama, in an shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan magariba, ita rigingine take kwanciya tana damun kakarta da tambayar ina taurarin nan Kaza da 'Ya'yanta suke zuwa gab da damina. Da kakar ta gaji sai ta ce ta je ta tambayi 'yan boko. Yarinya kuwa ta ɗauki maganar da gaske.

Shekara uku ita ke jan ajinsu. A farkon ta huɗu ciwon ido ya kama ta. An yi asibiti, an yi addu'a, amma ganin ya tafi. Ta yi kuka, kuka mai yawa, ta yi shekara guda a ɗakin mahaifiyarta ba ta ko son jin sunan makaranta. Sannan wata safiya ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauki sanda, ta ce a kai ta tasha. Ta koma da kwamfuta mai karanta mata rubutu da murya, lissafi kuwa dama a kanta yake. Ta cinye kowane kwas, sai guda ɗaya.

Wannan gudan shi ne matsalar. A tsarin karatun sashen akwai wani sharaɗi mai shekara talatin: ba a ba kowa digiri sai ya ci kwas ɗin Duban Sama, wato ya kafa idonsa a madubin hangen nesa, ya zana abin da ya gani da hannunsa, zane ashirin cif. Jami'a kuma ba ta riƙe ɗalibi fiye da shekara shida, ga Hansatu a ta shida. In shekarar ta ƙare sharaɗin na nan, za ta koma gida hannu biyu. Abu ɗaya ya rage mata: a shekarar ne ake sabunta tsarin karatu, aikin da ba a yi sai bayan shekara biyar-biyar.

To, ga mutum na farko. Farfesa Barau shi ya rubuta sharaɗin da hannunsa tun gashinsa na baƙi. Sau biyar ana sabunta tsari, sau biyar yana tsayawa a kan layin nan, ba a taɓa ko wasali ba. Zanen kowane ɗalibi da ya taɓa koyarwa na cikin kabad ɗinsa, yana nuna wa baƙi yadda mutum ke nuna hotunan jikoki. Hansatu ta laluba ta shiga ofishinsa, ta gaishe shi, ba ta roƙi komai ba. Tambaya kawai ta yi.

"Ranka ya daɗe, tauraron nan da ka yi rubutu a kansa bara, mai kumbura yana sacewa, da idonka ka gan shi?"

Farfesa ya ajiye kofin shayinsa. Gaskiyar ita ce ya fi shekara goma sha biyar bai sa ido a madubi don bincike ba. Na'ura ce ke auna hasken, ta turo masa lambobi, shi kuma ya zauna ya yi lissafi. Ya ce, "Tashi ki je, 'yata, kin ɓata mini shayi." Kwana uku ba ya amsa gaisuwa da kyau. A taron sashe ya miƙe, ya zare biro ja, ya soke layin da ya yi shekara talatin yana gadi, ya rubuta a gurbinsa cewa ɗalibi ya auna hasken tauraro ya fitar da ma'anarsa, da ido ko da wata hanyar da aka tabbatar. Duk malaman da ke ɗakin tsofaffin ɗalibansa ne. Da wani ne ya kawo maganar, da fuskar Farfesa za su kalla su ce a'a. Da yake shi ne, hannuwa suka tashi gaba ɗaya, shi kuwa ya fita yana goge tabarau alhali babu ƙura a jikinsa.

Sai dai kwamitin tsangaya ya dawo da takardar da tambaya ɗaya: wace hanya ce aka tabbatar? Digiri ba sadaka ba ne, a nuna musu yadda za a jarraba wanda ba ya gani.

Ga mutum na biyu. Dakta Ladingo, ƙaramar malama mai saurin tafiya da saurin magana, an gayyace ta bincike na wata huɗu a ƙasar waje, har ta sayi akwati. Ta rubuta musu cewa ba za ta samu zuwa ba, aka ba wani gurbinta. Ta zauna ta koya wa kwamfuta ta mayar da lambobin hasken tauraro sauti: in haske ya ƙaru muryar ta yi sama, in ya ragu ta yi ƙasa. Gwajin farko bai yi daɗin ji ba, har mai shara ta leƙo tana tambaya ko akuya ce ta maƙale a ofis. Hansatu na zaune da abin saurare a kunne, tana cewa, "Malama, ya yi sauri," ko "Malama, wannan kam kunnena zai fashe." Suna gyara suna dariya har abin ya daidaita.

Ranar gwaji wakilan kwamiti suka zo suka jeru. Ɗalibai goma, kowa an ba shi bayanan taurari biyar. Tara na duba zane a allon kwamfuta, Hansatu na saurare. Da aka zo tauraro na huɗu, taran nan suka ce babu komai, haskensa a miƙe yake. Hansatu ta ɗaga hannu.

"Malama, a maimaita mini. Wannan yana ɗan tuntuɓe duk bayan ƙidaya bakwai."

Aka faɗaɗa zanen, sai ga 'yar raguwa ƙanƙanuwa tana dawowa a kan lokaci: wata duniya ce ke giftawa ta gaban tauraron tana tare ɗan haskensa. Dakta Ladingo ta san da ita, da gangan ta saka ta ba ta gaya wa kowa ba. Farfesa Barau ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Wakilan kwamiti suka karɓi abin sauraren suna layi, kowa na son ya ji tuntuɓen da kunnensa.

Za ku ce magana ta ƙare. Ba ku san takardar jami'a ba. Kafin gyara ya zama doka sai majalisar jami'a ta amince, kafin ya isa majalisa kuma sai mutum uku sun sa hannu, kuma takarda irin wannan takan yi shekara biyu tana hutawa daga tebur zuwa tebur. An yi gwajin ranar Litinin. Ranar Alhamis da ƙarfe huɗu ake rufe ajandar zaman majalisa na ƙarshe a shekarar.

Ga mutum na uku. Malam Tanko, jami'in tsangaya, shekara ashirin da takwas yana cikin fayil. Bai san bambancin tauraro da fitilar jirgi ba, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Amma ya san wane ofis ne ke haɗiye takarda, wane ne ke amayo ta. Ya ce wa Hansatu, "'Yata, ni ban san sama ba, ƙasa na sani. Bar mini ƙasa." Ya saƙala fayil a hammata. Tun kafin ya fita ya lura an ba kwas ɗin da aka gyara lambar da wani kwas na sashen kimiyyar sinadarai ke amfani da ita, kuskuren da shi kaɗai ya isa a dawo da takardar baɗi. Ya gyara. Shugaban tsangaya ya sa hannu ranar Talata. Ranar Laraba aka ce shugaban kwamitin tsarin karatu ya tafi ƙauyensu sunan jika. Malam Tanko ya hau tsohon babur ɗinsa, kilomita saba'in, ya isa ana raba waina. Ya yi barka, ya ci, ya yi wa jaririn addu'a, sannan ya kifa turmi ya shimfiɗa fayil a kai. Mutumin ya sa hannu da maiƙo a yatsa. Ranar Alhamis magatakardan jami'a na taro tun safe, ba shiga ba fita. Malam Tanko ya jira azahar, ya yi sallarsa a sahun baya, yana sallamewa ya riga kowa fita, ya ɗauke takalman magatakarda ya riƙe. Mutumin ya fito yana dube-dube, sai ga takalma a hannun hagu, biro a hannun dama.

"Ranka ya daɗe, wanne zan fara miƙawa?"

Magatakarda ya yi dariya ya karɓi biro. Ƙarfe uku da rabi takarda ta shiga ajanda, mako na zagayowa majalisa ta amince.

Hansatu ta yi kwas ɗin kafin shekarar ta ƙare, ta ci da maki mafi girma. Ba a kashe zane ba, mai so yana yi, amma masu idon ma suka rinƙa rububin sauraro, har barandar sashen ta koma sai fito kake ji ta kowace ƙofa. Mahaifinta ya zo da buhun albasa ya dire a ofishin Farfesa, sashen ya yi wata guda yana ƙamshin miya. Farin cikin Hansatu ba ya faɗuwa, ko tafiya take sai ka ji tana bin sautin wani tauraro da baki.

Sai ranar yaye ɗalibai. Ƙa'idar bikin ita ce iyaye ba sa hawa dandamali. Ɗalibin da ke buƙatar jagora, ma'aikacin jami'a ɗaya ne zai riƙe hannunsa ya kai shi gaban shugaban jami'a, ɗaya tak. Farfesa ya ce shi bai damu ba, amma an ga alkyabbarsa a wurin mai guga tun Litinin. Dakta Ladingo ta ce duk wanda ya yi daidai ne, amma ta je ta ƙidaya matakalan dandamalin sau biyu. Malam Tanko ya ce shi wane ne a cikin manya, amma ya sayi sabon takalmi.

Hansatu na tsaye a gindin matakala. Ta san takun kowannensu. Ta ji jan ƙafar Farfesa a damanta, ta ji ƙwas-ƙwas ɗin Dakta a hagunta, ta ji kukan sabon takalmin Baba Tanko a gabanta. Da ba a soke layin ba, da babu ƙofa. Da ba a mai da haske sauti ba, da babu hujja. Da takarda ba ta isa ba, da duk an yi aikin banza. Lasifika ta kira sunanta, mahaifiyarta ta rangaɗa guɗa daga can cikin taro, hannuwa uku suka miƙo a lokaci ɗaya.

Ga ta nan tsaye, shugaba na jira, sanda a hannun hagu, hannun dama ɗaya ne. To, ku faɗa mini, hannun wa ya fi cancanta ta kama?