Gidan da Inna Tabawa Za Ta Zauna

Ku matso kusa, yau ku ne alƙalai.

A wani ƙauye a bakin gulbi akwai wata tsohuwa, Inna Tabawa, mai 'ya'ya uku: Kubura, Nomau da autanta Tunau. Ƙarshen wata damina ciwo ya kwantar da ita, har ba ta gane mai shigowa. Asibiti yana ƙetare, gulbi kuwa ya cika ya batse.

Jirgi ɗaya ne a garin, na Jatau, tsohon mijin Kubura, wanda ya sake ta a gaban mutane. Tun ranar ta rantse ko gaisuwa ba za ta ƙara haɗa su ba. Da ta ga numfashin uwarta yana sama-sama, ta yafa mayafi, ta je ƙofar gidansa ta durƙusa. Ta ce, "Abin da ya wuce na yafe. Ka ƙetarar mana da Inna."

Nomau ne ya goya Inna zuwa jirgi, shi ne kuma ya zauna jinya, don daga hannunsa kaɗai take karɓar kunu. Geronsa ya nuna a gona, aka aiko masa cewa tsuntsaye sun sauka. Ya ce, "Na haƙura da shi." Ko dami ɗaya bai ɗaure ba a shekarar.

Likita ya ce sai an ƙara mata jini, na Tunau kaɗai ya dace. Shi kuwa ɗan dambe ne, kuma a makon ne zai kara da gwanin da ya yi shekaru yana nema. Aka gaya masa in ya ba da jini babu shiga fage. Ya ce, "Na fasa," ya miƙa hannu. Gwanin ya yi murabus bayan nan, ba su taɓa haɗuwa ba.

Inna ta warke, amma zaman kaɗaici ya fi ƙarfinta. Kowannensu ya share ɗaki yana roƙon ta koma wurinsa. Ta yi murmushi ta ce, "'Ya'yan nan, wannan ta yafe, wannan ya haƙura, wannan ya fasa. Duk sunansa sadaukarwa. Ku tambayo mini mutanen gari, wanda suka ce tasa ta fi nauyi, gidansa zan kai tabarmata."

Har yanzu tabarmar tana naɗe. To, ku faɗa mini, gidan wa ya kamata a shimfiɗa ta?