Makarantar Iyo a Kan Rairayi

An yi wata Agwagwa a wani ƙauye da ke bakin rafi, mai son yabo ba kaɗan ba. Maƙwabtanta su biyu ne: Kaza, wadda duk abin da aka faɗa mata sai ta yarda, da Zabuwa, mai tambayar tsiya.

Daminar bara rafin ya yi ambaliya, ya tafi da 'yan tsaki uku. Shi ya sa da Kaza ta ƙyanƙyashe bakwai a ƙarshen rani, ko hadari ta hango sai gabanta ya faɗi.

Agwagwa ta tara kajin unguwa ta ce, "Ku kwantar da hankalinku. Zan buɗe makaranta in koya wa 'ya'yanku iyo. Kowane gida ya kawo ludayin gero a mako, saboda ɗawainiya."

To, rafi ya ƙafe ƙaf, don haka a kan rairayi ake karatun. 'Yan tsaki su kwanta rub da ciki suna harba ƙafafu, Malama Agwagwa tana zagayawa tana cewa, "Madalla, haka ake yi." Gero na shigowa, Malama na ƙara ƙiba.

Bayan wata guda ta kira taro. Ta ɗaga kai ta ce, "Tun da na buɗe makarantar nan, ɗan wa ruwa ya ci?"

Kaji suka ce, "Babu ko ɗaya." Kaza har da guɗa.

Zabuwa ta ce, "Malama, nawa ba su taɓa zuwa ba, su ma ruwa bai ci ko ɗaya ba. Wai ina ruwan ma yake?"

"Hassada ce ke damunki," in ji Agwagwa. "Jiya ɗalibaina huɗu suka yi iyo a kududdufin bayan gari."

"'Ya'yan wa?"

"Ina ruwanki da 'ya'yan wa?"

"Naki ne, ko ba naki ba?"

Kaza ta shiga tsakani. "Haba Zabuwa, ke dai ba a yi miki gwaninta."

Ba a yi mako ba ruwan farko ya sauka, rafi ya kawo. Kaza ta jero 'ya'yanta bakwai za su haye tsallake cin gara, ko ɗar ba ta ji.

Zabuwa ta sha gabanta. "Yaya Kaza, don Allah mu fara gwadawa a kasko. In sun iya, ni da kaina zan ba Malama haƙuri."

Aka cika kaskon shan ruwa, aka sa wanda ya zo na ɗaya a aji. Ya kwanta rub da ciki yadda aka koya masa, sai ga shi yana shan ruwa ta hanci, yana kiran innarsa. Da ƙyar Kaza ta fizgo shi ta fiffike.

Ana cikin haka sai autan Agwagwa, wanda aka ƙyanƙyashe shekaranjiya, bai ma san hanyar makaranta ba, ya faɗa kaskon ya hau iyo abinsa.

Kunya ta kama Agwagwa, ta rasa inda za ta sa dogon bakinta.

Kaza ta ce, "Tunda geronmu ya faɗaɗa miki baya, a kansa 'ya'yanmu za su riƙa hayewa."

Haka Agwagwa ta ƙare damina tana jigilar 'yan tsaki, bibbiyu, safe da yamma. Zabuwa kuwa kullum tana bakin rafi, ta ƙirga waɗanda suka hau, ta tashi fir ta ƙirga waɗanda suka sauka. Wannan shirin dai ya yi aiki, don bakwai ɗin Kaza duk sun zama kaji.

Darasin wannan labari shi ne, idan aka kawo muku shirin taimako, kada yabon mai shi ya ishe ku. Ku gwada shi a inda kuskure ba zai yi ɓarna ba, ku kuma duba yadda waɗanda ba su shiga ba suka ƙare, kafin ku ce ya yi amfani.