Shari'ar Man Giya

An ce wai an yi wani attajirin hatsi a Dawanau, ana ce masa Alhaji Mamuda, wanda ya sayi jif mai irin giyar zamani da ba a jin canjinta, mota sai sulalawa kawai. Ya damƙa makullin a hannun direbansa Tanimu, wanda ya shekara goma sha tara yana tuƙa shi.

Wata guda bayan an yi mata sabis, suna hawan tudu a hanyar Zariya, sai injin ya hau kuka, mota ta kama karkarwa ta ƙi gaba, ga tirela a bayansu tana danna hon. Da ƙyar Tanimu ya sauke ta gefe. Alhaji ya fito, salati ma a rarrabe yake fita.

Da aka jawo motar gareji, Sabi'u, makanikin da ya yi sabis ɗin, ya yi maza ya tsiyaye man giya ya zubar, sannan ya ce, "Alhaji, direbanka ne ya kashe ta. Ƙafarsa nauyi gare ta."

Alhaji ya karɓe makulli daga hannun Tanimu ya sallame shi. Tanimu ya kwana uku abinci ba ya wuce masa, domin ga iyali, kuma wa zai ɗauki direban da aka ce yana kashe mota? Shi ma Alhajin hankalinsa bai kwanta ba: yana tsoron ɗaukar alhaki, yana kuma tsoron sake ba shi amanar ransa. Sai ya kai maganar gaban Baba Nomau, shugaban makanikan garejin, dattijon da ba ya gaggawa ko da gemunsa na cin wuta.

Baba ya saurari kowa, ya harari Tanimu ya ce, "Direbobin yanzu sai addu'a."

Sannan ya juya ga Sabi'u da fara'a. "Ɗana, ai man giyar ne shaida. Yaya ka zuba shi, yaya kuma ya fito?"

Sabi'u ya gyara tsayuwa. "Wallahi Baba, ja wur na zuba shi kamar zoɓo, ya fito baƙi ƙirin!"

"Ja wur?"

"Ja wur, kowa ya gani."

Baba ya ce, "To, ka yanke wa kanka hukunci. Jan mai na tsohuwar giyar otomatik ne. Wannan giyar bel ɗin ƙarfe ne a cikinta, nata man daban, kore ne. Ka ba ta abin da ka saba ba kowace mota, don girman kai ya hana ka tambaya. Alhaji, mutumin da ya fitar da kai daga gaban tirela da matacciyar giya, shi ka kora."

Alhaji ya miƙa wa Tanimu makulli da hannu biyu, ya kasa haɗa ido da shi. "Ka yafe mini."

Shi ya sa masu hikima suka ce, mai gaggawar shafa wa wani baƙi, a hannunsa ake fara ganinsa.