Zanen da Auta Ya Saka a Gurup ɗin Gida

Akwai wani saurayi, auta a gidansu, da ake wa laƙabi da Furofesa saboda shegen iyayinsa. Yana koyon nazarin bayanai a kwamfuta, sai malaminsu ya ce kowa ya samo maganganun mutane, ya ƙirga kalmomin, ya fitar da sakamakon a zane don gwaji.

Gogan naku bai je ko'ina ba. Hirar gurup ɗin gidansu na waya ya kwashe kaf, ya zuba a kwamfuta. Ya ƙirga wa ya fi gaisuwa, wa ya fi cewa "sannu" da "Allah ya ƙara sauƙi". Ya ja wa kowa sanda mai launi, da hotonsa a ƙasa.

Sandunan wasu dogaye zanƙal-zanƙal. Na Yaya Babba, telar da ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ɗan guntu ne ja, ko tsinken ashana bai kai ba.

Da malamin kawai ya miƙa wa, da sauƙi. Ina! Sai da ya watsa a gurup, har da rubuta: "Alƙaluma ba sa ƙarya. Ga sarauniyar rashin zumunci."

Ku ji rashin kunya fa! 'Yan'uwa suka yi ta sheƙa dariya. Kafin la'asar Yaya Babba ta fice daga gurup ɗin.

Washegari 'yar Yaya ta banko ƙofar ɗakinsa, ko sallama babu.

"Kawu, ni Mama ta sa na karanta mata abin da ka rubuta. Da bakina!"

Ya taɓe baki. "To laifina ne? Abin da kwamfuta ta ƙirga ke nan."

"Kwamfutar taka tana jin murya?"

"Rubutu kawai take ɗauka."

"To yaushe ka taɓa ganin Mama ta yi rubutu? Saƙon murya take turowa kullum, ƙafarta na kan keken ɗinki. Kuma wa ya hana ta iya rubutun? Ba cire ta aka yi daga makaranta don ta goya ka ba? Wallahi ka ba ni kunya!"

Ta bugo ƙofa ta tafi.

Ya buɗe wayarsa. Ga saƙonnin muryar Yaya nan jere reras, yawancinsu bai taɓa saurara ba, wai suna ɓata masa lokaci. Ya danna ɗaya. Ƙarar keken ɗinki ta fara fitowa, sannan muryarta: "Autana, an ce zazzaɓi ya kama ka. Ka sha magani kuwa? Ka kira ni mana, hankalina bai kwanta ba."

Ya zauna ya tsara mata dogon rubutun ban haƙuri. Zai tura ke nan ya tuna Yaya ba ta iya karatu ba. Ya goge, ya danna wajen ɗaukar murya, ya yi ta roƙonta gafara.

Saƙon ya shiga. Har yau da nake ba ku labarin nan, Yaya Babba ba ta buɗe shi ba.

Darasi: Kafin ka yanke wa mutum hukunci da lissafi, duba abin da lissafin naka ya tsallake. Kuma ilimin da zai sa ka tozarta wanda ya goya ka, wallahi bai amfane ka ba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu ƙyuyar sauraron saƙon manyansu.