Kujera Ɗaya a Ƙofar Gada

Ku matso kusa. Kai mai waya, kashe ta. Ba na maimaita magana, kuma idan na gama ku ne da sauran aikin.

Akwai wani gari a bakin iyaka ana ce masa Kwarin Gawo. Gulbi ne ya raba shi da Tudun Marke, wanda ya faɗa cikin ƙasar maƙwabta. Mutanen garuruwan nan dangin juna ne, harshensu ɗaya, suna auratayya, kakin 'yan sandansu ne kawai ya bambanta. Kwarin Gawo na da fadama shimfiɗaɗɗiya da kwalta mai zuwa birni. Tudun Marke na da madatsar ruwa, wadda in ba a buɗe ta da rani ba, fadamar Kwarin Gawo ba ta haifar komai.

Wani kamfani daga ƙasa mai nisa ya zo ya gina masana'antar tumatirin gwangwani a Kwarin Gawo. Aka sauke injuna. Samarin da suka tafi ci-rani suka fara dawowa gida, manoma suka bar albasa suka zuba irin tumatir. Ana cikin haka shugabannin ƙasashen biyu suka ɓata. Kada ku tambaye ni dalili, su kansu kowa da abin da yake faɗa. Aka janye jakadu, aka gitta ƙarfe a kan gada. Na tsallake suka danne ruwa, na wannan gefe suka yanke musu wutar lantarki. Sannan gwamnatin tsallake ta aika wa kamfanin cewa ya kwashe injunansa ya koma wajensu, za a ba shi fili kyauta, ba haraji.

Gari ya rasa sukuni. Mutum ya tashi da safe ya je bakin gada ya leƙa, ya wuce fadama ya dubi shukarsa tana yaushi, ya biya ta ƙofar masana'anta, ya dawo gida bai zauna ba ya sake fita. Kowace wayewar gari da sabuwar jita-jita. Abin da kowa ya sani ɗaya ne: in injunan nan suka bar gari, samarin ma za su bi bayansu, kuma wannan karon ba mai dawowa.

To, mutum uku ne suka tashi.

Ta farko Dakta Zuwaira, 'yar garin ce, tana aiki a wata cibiyar nazari a babban birni, irin wuraren da ake zama a yi wa gwamnati tunani. Cibiyarsu na da takwara a ƙasar tsallake, sun daɗe suna aiki tare, amma da aka ɓata sai aka hana su ko gaisawa. Zuwaira ta ɗauki hutu ta dawo gida. Ta aika wa takwaranta, wani Malam Hamani, cewa an hana su haɗuwa a ofis amma ba wanda ya ce kada su shiga gulbi. Suka riƙa haɗuwa a tsakiyar rairayi, inda ba wanda zai rantse ƙasar wa ake takawa, suna auna ruwa, suna tambayar manoman gefe biyu yaushe kowa ke dashe yaushe yake tsinka. Abin da suka gano ya tayar musu da hankali. Tumatirin tudu na riga nuna, na kwari na biyo baya. Kowane gefe shi kaɗai ba zai ciyar da injunan ba sai na ɗan lokaci, sauran shekara su kwanta. Kamfanin ma ya riga ya gane haka, shi ya sa ba Tudun Marke ya nufa ba, wata ƙasa ta uku ya nufa can bakin teku. Wato ƙasashen biyu suna kokawa a kan abin da ba wadda za ta samu. Sai suka tsara mafita: a raba aikin biyu, a riƙa matse tumatir a Tudun Marke inda ruwa yake, a zuba shi a gwangwani a Kwarin Gawo inda kwalta take, a buɗe ƙofa ɗaya a gada saboda tumatir da ruwa kawai, manya su ci gaba da fushinsu in suna so. Da ta kai maganar birni, aka ce wa ya aike ta, aka dakatar da ita daga aiki, har wata jarida ta kira ta 'yar leƙen asiri. Ta dawo gida da mafita a hannu, ba mai sauraro.

Na biyu Baba Kyari, Babarbare ne da ya girma a garin, ya yi aiki a ofishin jakadanci har ya yi ritaya. Ya san abin da ke hana ruwa gudu a zahiri shi ne gwamnan yankin tsallake, Kanar Hammadu Diko, soja mai zafin kai. Tawaga nawa aka tura masa da manyan riguna, ya bar su a tsaye a rana ya sallame su. Amma Kyari ya san wani abu guda: Kanar Bafillace ne. Ku kun san abin da ke tsakanin Fulani da Barebari, wasa ne tun kakanni, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, kuma wanda ya yi fushi da abokin wasa shi ya ji kunya. Da ya ji Kanar zai ɗaura wa ɗansa aure, sai Kyari ya tattare riga ya ratsa gulbi da ƙafa. Ya jira a ƙofar masallaci har aka shafa fatiha, ya sunkuya ya ɗauke takalman Kanar ya maƙale a hammata. Kanar ya fito yana lalube da ƙafa a gaban manyan baƙinsa.

Kyari ya ɗaga murya ya ce, "Kai bawana! Yaushe Bafillace ya fara sa takalmi? Ka aurar da ɗa ba ka nemi izinin ubangijinka ba?"

Sojoji suka ɗana bindiga. Kanar ya ƙura wa tsagar Barebari da ke fuskar tsohon ido. Can wani baffansa tsoho ya fashe da dariya, shi ma Kanar sai ya saki fuska.

Ya ce, "Ku sauke. Bawan gidanmu ne, yunwa ta koro shi. A ba shi fura, amma kada a ba shi ludayi mai kyau, da shi zai gudu. Tsoho, me zan fanshi takalmina da shi?"

Kyari ya ce, "Saniyarka ramammiya ba na so. Akwai 'yata da ke da magana. Ka zauna ka saurare ta har ta dire, ba ka katse ta ba."

A gaban jama'a aka yi, ba damar ƙi. Kanar ya saurari Zuwaira da Malam Hamani, ya tura maganar sama, daga can ta tsallako zuwa manyan wannan gefe, waɗanda sai da suka ji ta daga bakin abokan gaba sannan suka ga kyanta. Shi kuwa Kyari, yana dawowa jami'an ƙasarsa suka tsare shi don ya ƙetare iyaka ba izini, suka riƙe shi har ciwon sukarinsa ya tashi, ƙafarsa ɗaya ba ta koma daidai ba.

Sai dai wasan nan ya zo da wata ɓarna. Wani ya ɗauki bidiyon abin da waya, ya bazu. Wakiliyar kamfanin, wata mata da 'yan gari ke kira Uwar Inji, ta gani, tafinta ya fassara mata kalma da kalma. Ta ga tsohon jami'in wata ƙasa yana kiran gwamnan wata ƙasa bawa, ta ga bindigogi a ɗane. Ta ce yaƙi ne ke tafe, a kwance injuna a loda yanzu, ba sai an jira ƙarshen wata da aka tsara kwashe su ba.

Nan na uku ya shigo, Alhaji Barmo, kawun Zuwaira, abokin Kyari tun suna yara. Shi ne mai manyan motocin garin, shi ne kuma mai masaukin Uwar Inji tun zuwanta, a gidansa take cin abinci. Shi aka ba kwangilar kwashe injunan zuwa tashar jirgin ruwa, aikin da bai taɓa samun irinsa ba. Ya jera motocinsa a ƙofar masana'anta, ya sa aka kashe su, ya tattara makullan ya zuba a aljihu. Direbobin wasu garuruwa da aka kira suka ga motocin Barmo a tsaye, suka juya, don ba mai tsallake babba a tasha ya ɗauki lodinsa.

Uwar Inji ta zo tana faɗa, ta ce za ta kai shi kotu.

Barmo ya ce wa tafinta, "Gaya mata ta kai. Amma baƙona ba ya barin gidana da tsoro a cikinsa. Ta shiga mota, kasuwa za mu."

Ya kai ta layin masu nono, ya zaunar da ita a kan benci. Ba a jima ba wani Babarbare mai sayar da kanwa ya zo wucewa, matan Fulani suka yi masa ca, wannan ta ce bawanta ne, waccan ta fizge masa hula, shi kuma yana ce musu ya saye su duka da ƙwarya ɗaya ta gero. Aka gama zage-zage, suka dama masa fura ya sha ya tafi bai biya ba. Barmo ya ce abin da ta gani a waya ke nan, ba wani abu ba. Ta yi dariya, amma ta ce dariya ba ta buɗe gada, kuma shugabanninta ba su san fura ba. Sai Barmo ya kira limami da sarkin tasha su zama shaidu. Ya ce ta bar injunan har tumatirin tudu ya nuna. In lokacin ya yi ba a buɗe ƙofa ba, zai kai mata injunan bakin teku kyauta, kuma motocin da suka kai su sun zama na kamfani. Duk abin da ya tara a rayuwarsa ke nan. 'Ya'yansa suka daina yi masa magana, shi kuma ya rame, kullum yana bakin gada yana kai da kawowa, yana aika a dubo masa ko tumatirin tsallake ya fara ja. Ya fara ja ɗin kuwa, har an soma tsinkar na farko-farko, amma kafin ya gama nuna takardar manya ta iso, motocin Barmo suka tsira.

Aka ɗage ƙarfe. Ruwa ya sauko fadama. Injuna suka zauna, rabi nan rabi can.

To, ga inda gardama take. A cikin yarjejeniyar an ce ƙofar gadar nan mutum biyu za su riƙe ta, ɗaya daga Tudun Marke ɗaya daga Kwarin Gawo, su ne masu cewa a buɗe ko a rufe, su ne masu zama da kamfani da gwamnatocin biyu in an sami saɓani. Na tsallake ba su ɓata lokaci ba, suka ba Malam Hamani. Kwarin Gawo kuwa kujera ɗaya, mutum uku, kuma kamfani ya ce ba motar da za ta ƙetare sai an kawo suna. Hakimi ya tara dattawa, gari ya rabu uku.

Masu son Zuwaira suka ce in ba ita ba, me Kyari zai nemi a saurara, me Barmo zai jira? Ita ta ga abin da gwamnatoci biyu ba su gani ba, ta rasa aikinta da sunanta. Masu ƙin ta suka ce ai ita ce ta yanka masana'antar gari biyu ta miƙa wa tsallake rabi, samarin da za a ɗauka aiki a nan yanzu a can za a ɗauke su.

Masu son Kyari suka ce dabarar Zuwaira ta yi ta yawo ba wanda ya kalle ta, sai da tsoho ya tsaya a gaban bakin bindiga da takalmin soja a hammata. Masu ƙin sa suka ce wasansa ne ya kusa korar kamfanin gaba ɗaya, kuma Kanar ba zai dawwama ba, in aka kawo gwamnan da ba Bafillace ba, takalmin wa zai ɗauka?

Masu son Barmo suka ce da an loda injunan nan, da dabara da wasa duk sun zama hira. Shi kaɗai ya ɗora dukiyarsa kacokan a kan maganar da ba shi ya tsara ta ba. Masu ƙin sa suka ce mai motoci ne, duk kwandon da zai ƙetare gada a motarsa zai hau, yaya za a ba shi makullin ƙofar da shi ne zai fi kowa cin moriyarta?

Su ukun ma abin ya shiga tsakaninsu. Da suka haɗu a zauren Hakimi, Barmo ya ce, "Ke Zuwaira, ni na biya miki kuɗin makaranta, yau da ni za ki ja?"

Ta ce, "Kawu, ban ja da kai ba. Amma ranar da aka zo rabon ruwa, wa zai karanta ma'aunin?"

Kyari ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Ku yi ta yi. Ni da na bar ƙafata a wajen, ba wanda ya tambaye ni ko na iya tashi."

Hakimi ya sallame su bai yanke ba. Ya fita, ya dawo, ya sake kiran dattawa, suka watse ba suna. Ga tumatirin kwari ma ya nuna, an jibge kwandunansa a bakin gada, rana na dukansu, na ƙasa sun fara tsiyaya, manoma na tsaye a kansu suna kallon ƙofar fada.

Na gama nawa. Kada wanda ya ce mini a raba kujerar uku, an ce ɗaya ce. Ku ne a zauren Hakimi, tumatir na ruɓewa: tsakanin Zuwaira da Kyari da Barmo, sunan wa za ku aika?