Kiɗan Wanda Aka Kayar

Masu ba da labari sun ce a wata kwalejin horon malamai mata an yi wata shugaba, Dokta Asabe, mace mai tsari wadda ba ta son abin kunya ya raɓi makarantarta. Kwalejin tana da ƙungiyar hoki, wato ƙwallon gora, kuma a shekarar nan wasa goma sha ɗaya suka buga, duka aka lallasa su. Har shugabannin wasu makarantu suka fara yi mata ba'a a wurin taro. Abin ya ci mata rai, ta yanke shawarar rushe ƙungiyar.

Ran nan da hantsi ta kira Baba Mantau, tsohon direban da ke kai 'yan matan wasa, wanda duk kwalejin an san ba su da masoyi kamarsa. Ta gaya masa ran Asabar ba sai ya fito da mota ba, ta kuma tambaye shi ko ya taɓa ganin ƙungiya maras sa'a irin wannan.

Baba Mantau ya ce, "Ranki ya daɗe, na taɓa ganin guda ɗaya, har ta fi su lalacewa. In kin ba ni izini in ba ki labarinta." Ta ce ya faɗa, tana zaton zai goyi bayanta.

Ya ce lokacin da yake saurayi ya yi tuƙi a wata masaƙa a Kaduna. Masu masaƙar baƙi ne daga ƙasar waje, suka zo da wasansu da ake ce wa besbol: wani ya jefo ƙwallo, wani ya doke ta da kulki ya ruga da gudu. Suka kafa wa ma'aikata ƙungiya. Ya ce 'yan matan kwalejin nan ko ba komai sukan kai ƙwallo bakin raga, amma ma'aikatan can sai mutum ya kai duka sau uku yana dukan iska. Tun 'yan kallo na zuwa dariya har dariyar ta gundure su, ya rage shi kaɗai a gindin wata darbejiya yana tafi.

Da manajan masaƙar ya ga haka, ya ce in wasa na gaba ba ɗan kallo, to a tattara kulake. Shi kuwa Mantau ya gaji da tsokanar abokansa direbobi, sai ya gaya wa amininsa Iliya, mai jefa wa ƙungiyar ƙwallo, cewa shi ma ba zai zo ba. Iliya bai yi fushi ba. Ya ce, "Zauna, aboki, ka ji labarin makaɗin ƙauyenmu."

Iliya ya ce a ƙauyensu an yi wani ɗan kokawa, Ɗanbuzu, wanda bai taɓa kai kowa ƙasa ba. Duk kaka sai ya shiga fage, duk kaka sai bayansa ya sha ƙasa. Makaɗa suka guje shi, sai wani tsoho, Na-Gambo, shi kaɗai ke kaɗa masa take. Wata rana sarkin makaɗa ya tambayi tsohon me ya sa yake ɓata fatar gangarsa a kan mutumin da ko goro ba ya samowa. Na-Gambo ya ce, "Wanda ya yi kaye, ko ba ganga jama'a za su ɗauke shi a kafaɗa. Wanda aka kayar shi ke bukatar jin kiɗa, don ya san da wace ƙafa zai tashi."

Iliya ya ƙare da cewa, "Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare."

Da Baba Mantau ya kawo nan, Dokta Asabe ta tambaye shi ko ya je ɗin.

Ya ce, "Ban je ba, ranki ya daɗe. Ƙuruciya ta hana ni."

Ya ce aka rushe ƙungiyar, mutanen da wasa ya haɗa, Bahaushe da Bakatafe da Bayarabe, kowa ya koma gaban injinsa, sai gaisuwa daga nesa. Bayan shekaru masu yawa ya ji Iliya na kwance ba lafiya, ya je dubiya. Iliya ya riƙe hannunsa yana murmushi, bai zarge shi da komai ba. Abin da kawai ya faɗa shi ne, ranar wasan nan na ƙarshe duk jifan da zai yi sai ya waiwayi gindin darbejiya tukuna. Sati bai zagayo ba Allah ya karɓi abinsa.

"Da na sani ƙeya ce," in ji Baba Mantau. "Yaran nan da waɗancan duk ana cin su, amma kullum da la'asar yaranki suna fili ba wanda ya tilasta su. Kuma in sun shiga wasa nakan ga suna waiwayen rumfar malamai, ba kowa a ciki."

Maganar ta soki Dokta Asabe, don ta tuna shekara huɗu tana shugabanci ba ta taɓa taka filin ba. Sakamako kawai ake kawo mata a takarda. Ta dubi tsohon, ta ce, "Baba, na ji, kuma laifin ba nasu ba ne su kaɗai. Ka fito da mota ran Asabar, ka bar mini kujera."

Ya ce mai yiwuwa fa a sake cin su.

Ta ce, "To, a ci su ina wurin."